Shekarar da Jan Rawani Ya Rasa Fuska

Kun zo da wayoyinku kuna ɗaukar hoton tsofaffin littattafan Jan Rawani, kun ce za ku sa su inda duniya za ta gani. Madalla, na gode. Amma na ji abin da kuke raɗa wa juna, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai idan an zo kan ɗaurin nan na ƙasan akwati, na shekarun rikici, a tsallake shi don babu abin kirki a ciki. Ɗayanku har cewa ya yi da shi ne, da cikin yini guda ya gyara labarin. To, ku ajiye wayoyin ku zauna. Ban musa ba, tun da aka fara Jan Rawani ba a taɓa yin fitowa marasa daɗi irin waɗannan ba. Ni na zana su, na fi kowa sanin muninsu. Sai dai ba za a tsallake su ba, kuma yanzu za ku ji dalili.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan allon mai aski ne. Mahaifina baduku ne daga Kano da ya zauna a unguwar Gwange a nan Barno, shi ya kai ni wurin Ba Bukar, mai zanen alluna da jikin manyan motoci. Ba Bukar ya miƙo mini katako da fenti, ya ce in zana kawunan mutane da aski iri-iri. Na zana, na koma gefe ina jiran yabo. Ya zo ya duba, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge su tas.

"Sani, waɗannan kankana ka jera, ba mutane ba. Ina kunnuwansu?"

Na ce ai ga su nan, kowa da biyu.

"Kunne ɗaya ka raba musu su duka. Tafi kasuwa ka kalli kunnuwan mutane, kada ka dawo mini sai ka gane babu biyu iri ɗaya."

Damina guda na yi ina bin kunnuwan bayin Allah da kallo. Har wani mai tsire ya taɓa ɗaga wuƙa ya tambaye ni ko na ajiye wani abu ne a cikin nasa. Ku da kuke danna waya ta fitar muku da fuska, ba ku san wannan wahalar ba, shi ya sa mutanenku duk suke kama da 'yan gida ɗaya.

Jan Rawani kuwa a kan sitansil aka haife shi. Sitansil wata takarda ce mai laushi da ake karcewa da alƙalamin ƙarfe, a ɗaura ta a inji, a yi ta murzawa da hannu tana fitar da shafi. Ba ta son ƙananan layuka kusa da juna. Kana zana hanci da leɓe sai ta yage, tawada ta malalo, jarumi ya fito kamar an watsa masa miyar kuka. Da na gaji da asara sai na naɗa masa rawani, na ja amawalin, wato ɓangaren da ke rufe baki, har ƙarƙashin ido. Mutane suka yi ta yaba hikimar ɓoye fuskarsa, ni kuwa takarda nake tattali. Jan ma da ake faɗa, a ciki baƙi ne da fari. Bangon kawai nake bi ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami ina cike rawanin, har surukata ta taɓa tambaya ko lalle nake sawa a ɓoye.

Da rana Jan Rawani ɗan acaɓa ne da ba wanda ya san shi. Idan aka zalunci wani sai ya ɗaure amawali, ƙarfi ya zo masa, ya hau babur ɗinsa Walƙiya. Babur ɗin nan yana tsallake kogin Ngadda ko da ya cika da ruwa. Ya yi faɗa da Alhaji Ɓoye, wanda ya haƙa rijiyar fetur a ƙarƙashin gadonsa yana jiran tsada. Ya yi kokawa da Kadan Alau, wani kada da ya haɗiye motar kifi da direbanta, direban ya fito yana neman a biya shi kuɗin lodi. Masu shayi da masu aski da masu kanti a bakin makarantu su ne dillalaina. Mai hali ya saya, marar hali ya yi haya ya dawo da shi. Ni kuma da littafin haya nake gane aikina. In ya dawo da man ƙosai da zoben kofin shayi, gefensa ya nannaɗe, to labari ya yi. In ya dawo fes kamar daga inji, na san na faɗi.

Da sitansil ya wuce sai na koma wurin Ya Falmata, mai shagon fotokwafi a Lamisula. Mace ce mai kirki da kaifin baki, ta girme ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ita ke sa takarda da man janareta, ni in sa zane, mu raba abin da ya samu. Ranar farko ta koya mini dokar injinta: ba ya ganin fensir. Duk abin da ba ka bi da baƙar tawada ba, a wurinsa babu shi. Saboda haka sau biyu ake kowane shafi, a tsara da fensir, a bi da tawada, a jira ta bushe. Shekaru muka yi a haka lafiya lau.

Ranar da aiki ya juye, ina ɗauke da ɗaurin sabuwar fitowa zan kai Bulumkutu. Lokacin an riga an hana babura a gari, saboda masu harbin mutane a kan babur suke zuwa da fuska a rufe. A wani shinge aka sauke mu daga keke napep, kowa hannu a sama yadda aka saba. Wani soja ya kwance ɗaurin. Me zai gani a bango? Mutum a kan babur, fuska a rufe, yana tsallake katanga. Wallahi sai a ranar na ga zanen nan da idon wani. Ya ce in zauna a ƙasa. Na zauna. Ya kira abokinsa mai jin Hausa, suka buɗe shafin farko. Rana tana dukana, su kuma suna karatu. Can sai na ji dariya, na san sun iso wurin kada. Da suka gama ya zo ya tsaya a kaina, ya yi magana da 'yar gurguwar Hausarsa.

"Baba, labari akwai daɗi. Amma wannan mutum, cire masa mashin, buɗe masa fuska. Ni na yi dariya. Wani gobe ba zai yi ba."

Ya sa guda a aljihu, ya miƙo mini sauran. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ina yi masa addu'a.

Babur na fara cirewa, na ba shi keke napep. Ku da kuke dariya yanzu, ku gwada zana keke napep yana gudu. Na ja layukan iska a bayansa har shafi ya yi baƙi, amma ko yaro ya san abin nan tafiyar agwagwa yake yi. Alhaji Ɓoye ya tsere a mota, Jan Rawani ya naɗe ƙafafu a keke yana bin sa, shafi bayan shafi ba a kamo kowa ba. Garba, mai shayin bakin layinmu, ya duba ya ce, "Malam Sani, ko ni da butata a hannu zan riga shi isa." Sannan na daina rubuta DUM da manyan baƙaƙe in an yi karo, domin wata uwa ta dawo mini da littafi ta ce ƙarar da yaranta ke ji a waje ta ishe su. Sai faɗa ya zama na shiru. Ga dokar hana fita, masu karatu suna tambaya wa ya ba shi izinin yawo bayan magariba. Haka jarumin da ke tsallake kogi ya koma yana duba agogo, yana barin mugu a tsakiyar faɗa don ya isa gida da wuri.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta kawo aiki, da takardarta da kuɗinta. Suna so Jan Rawani ya koyar da wanke hannu. Na karɓa da hannu biyu, yara suna buƙatar abinci. Ban raina wanke hannu ba, ya tsare mutane da yawa daga ciwo a sansanonin gudun hijira. Amma mutumin da ya danne kada, yau ga shi tsugune gaban buta yana nuna yadda ake cuɗa tsakanin yatsu. Yaran Gwange suka sauya masa suna zuwa Jan Soso. Idan na wuce sai in ji ana cewa, "Baba, yau wane sabulu zai yi faɗa da shi?"

Duk wannan wasa ne a kan maganar fuska. Da na sauke amawali dole in sa wani abu a wurin. Na ce tunda a Barno aka haife shi, bari in yi masa zanen Barebari a kumatu. Washegari 'yan kasuwar da suka zo daga Kano suka tare ni, wai ashe duk shekarun nan ba nasu ba ne. A fitowa ta gaba na share zanen. Dattawan Gwange suka aiko a tambaye ni wa ya goge wa ɗansu gado. Wani Bashuwa dillalin shanu ya rantse tun da can idon Jan Rawani irin nasu ne, hancin da na sa masa ne ƙarya. Wani malamin makaranta daga Biu ya ce shi tun yana yaro ya san mutumin nan ɗan ƙabilarsu ta Babur ne, tunda har abin hawansa ya faɗa. A teburin Garba aka kusa ba hamata iska. Ashe duk tsawon lokacin nan kowa fuskar gidansu yake gani a bayan ƙyallen, ni ban sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wata dattijuwa ce da ta zo har gida. Ta ce sabuwar fuskar ta yi kama da ta ɗanta, kuma a wannan zamani ba uwar da ke son a ga fuskar ɗanta a takarda ana yawo da ita. Na ba ta haƙuri, na canja. Wadda na canja kuma ta yi kama da wani tela a Lamisula. Littattafan haya suka fara dawowa fes, ko ɗigon shayi babu.

Ya Falmata ta kira ni. Takarda ta yi wuya, motocin da ke kawo ta daga Kano sai sun ga hanya ta yi kyau suke shigowa.

"Wushe, sannu da zuwa, Sani. Zauna. Kwalin takarda ɗaya ya rage mini. Masu takardun makaranta suna nema, masu katin biki suna nema. Zan ba mutuminka wannan karon. In ya dawo mini da tsabtarsa kamar na baya, to ka yi masa sutura, ka koma allon aski."

Ban yi gardama ba, don na san ta yi haƙuri da ni. Amma na ji zafin maganar ƙwarai. Rabin rayuwata na yi da mutumin nan.

Na zauna na yi labarin da nake ganin in ma shi ne na ƙarshe, ba zan ji kunya ba. Babu keke, babu sabulu, babu ma mugu a fili. Mutanen wani ƙauye ne suka gudo a babbar mota, mai ya ƙare musu a daji. Jan Rawani ya kwance rawaninsa rabi, ya ɗaura a gaban motar, ya ja ta da ƙafa har cikin gari, da tsofaffi da awaki da tukwane a sama. Na bi komai da tawada, tayoyi, ƙaya, har zufar wuyansa. Fuskar ce kawai na bari a fensir, in zana in goge, in zana in goge, na rasa wadda ba za ta jawo faɗa ba. Na kai shafukan shago na ce ta ajiye, gobe da safe zan zo da alƙalami in ƙarasa.

Goben nan aka rufe unguwarmu ana bincike, ba shiga ba fita. Layukan waya kuma a yanke suke a lokacin. Ita kuwa Ya Falmata ta samu man janareta da ƙyar, ta ga shafuka a kan tebur baƙi ƙirin da tawada, ta ɗauka an gama. Ta buga, ta ɗinke, ta ba mai keke ya rarraba. Ranar da aka buɗe mu na iso da gudu, ta miƙo mini guda. Na buɗe. Ga rawani, ga wuya, ga kafaɗu. Tsakanin rawani da wuya kuwa fari fat, tun daga shafin farko har na ƙarshe.

"Ya Falmata, kin kashe shi!"

"Kai ka kashe shi tun ranar da ka ba shi sabulu. Ni jana'iza kawai na yi. Ban ce maka injin nan ba ya ganin fensir ba?"

Na koma gida na fara neman tsofaffin burushina na allo.

Bayan 'yan kwanaki Garba ya aiko in zo in karɓi na haya. Na tafi ina jan ƙafa. Tun daga nesa na ga littattafan sun kumbura, gefensu ya nannaɗe, ga mai, ga shayi. Na buɗe na farko, sai ga fuska an zana da shuɗin biro, da zanen Barebari reras. Na biyu mai gemu ne da tabon salla. Wani an yi masa tabarau. Wani kuma mace ce, da kwalli da ɗan kunne, tana jan babbar mota da rawani. Akwai wanda mutum uku suka yi hayarsa, kowa ya bar fuskar wanda ya riga shi ya zana tasa a shafi na gaba. Garba yana ta dariya, ya ce yanzu ba mai son haya, kowa nasa yake so ya saya don kada wani ya riga shi cikewa. Na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya taɓu. Da na kai wa Ya Falmata, ta jujjuya shafukan, ta ɗago ta nuna ni da yatsa.

"In ka ƙara taɓa fuskar nan da tawada, ni da kai ne."

Ta fasa sayar wa masu katin biki takardar da ta shigo bayan nan.

Cikin wannan makon wata mata ta same ni a shagon, da littafin a hannu da 'yar jaririya a baya. Sunanta Yagana, daga wani ƙauye wajen Bama suka gudo, tana zaune wurin dangi a Bulumkutu. Nata littafin ba a cike ba.

"Malam, kai ne mai zanen? Ni ban iya riƙe biro ba. Mijina nake so ka sa mini a nan. Modu. Ranar gudu muka rabu, ban san inda yake ba, kuma ko hotonsa ɗaya ban fito da shi ba. Ina so yarinyar nan ta tashi ta san kamannin babanta."

Na ɗauko fensir. Ban taɓa zana wanda ban gani ba sai ranar. Ta ce fuskarsa doguwa ce, na ja. Ta ce akwai wushirya, na buɗe haƙora. Ta duba ta girgiza kai, ta ce da saura. Sai maganar Ba Bukar ta faɗo mini, na ce yaya kunnuwansa? Matar nan ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ƙara musu girma, Malam."

Na ƙara.

"Ƙara dai."

Na ƙara har na fara jin kunya. Ya Falmata ta bar injinta ta leƙo ta ce, "Yarinya, miji kika aura ko faranti?" Yagana ta ce a buɗe su waje kaɗan. Ina buɗewa ta kai yatsa ta taɓa takardar, ta ce, "Shi ne." Tana dariya hawaye na zuba. Na bi shi da tawada a kowane shafi, Modu mai kunnuwa yana jan mota cike da mutane. Wannan karon Ya Falmata ba ta hana ni ba.

Daga nan Jan Rawani ya miƙe. Babur bai dawo ba, amma an daina tambayarsa. Shekaru suka wuce, gari ya fara samun sauƙi, na ma manta da maganar. Wata ranar kasuwa ina shagon ina jan layi, sai wani dogon mutum ramamme ya yi sallama, hularsa a danne har gira. A bayansa ga mace da 'yar yarinya mai wayo.

"Kai ne Malam Sani? Kai ne ka mai da ni zomo a littafi, duk Bulumkutu ana nuna ni?"

Kafin in buɗe baki ya cire hular. Jama'a, ashe ma rage masa na yi! Ya Falmata ta zauna a kan kwalin takarda tana riƙe da ciki, Modu kansa ya kasa riƙe fushin ƙaryar da ya zo da shi. Ashe tsallaka iyaka ya yi, ya daɗe a can bai san inda iyalinsa suke ba, sai kwanan nan Allah ya haɗa su. Da dariya ta lafa, Yagana ta ce ranar da ya shigo gida yarinyar ɓuya ta yi a bayanta, ta ƙi ko kallonsa. Can sai ta sulale ɗaki ta ɗauko littafin, duk ya tsufa ya yage. Ta dubi shafi, ta dubi baƙon, ta zagaya ta duba shi ta gefe. Sannan ta je ta kama masa kunne ta ce, "Baba."

To, kun ji. Keken yana nan a cikin ɗaurin, sabulun ma yana nan, ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Ku ɗauki wayoyinku, daga na ƙasan akwatin za ku fara. Kuma in kun zo wurin farin nan, kada wanda ya sa na'ura ta cike shi. Mai shi yana nan zuwa, shi zai cike abinsa.